Wayon Lungu Ba Ya Maganin Gosulon Fagge da Sabon Gari



Akwai wata fariya da ta zama ruwan dare a bakin direbobin Kano: "Ni gosulo ba ya riƙe ni, na san lungu." Da zarar titin IBB ya cushe a gaban Kantin Kwari, sai ka ga gwanin ya karya kan mota ya faɗa cikin unguwar Fagge, ko ya hau hannun da ba nasa ba, yana hon kamar shi kaɗai ke da uzuri. Mu dai matsayinmu a fili yake: wannan ba dabara ba ce, zalunci ne. Wanda ya yi haka bai guje wa cunkoso ba, ɗaukarsa ya yi ya kai ƙofar gidan wasu.

Mu duba yadda wurin yake. Tun kafin a san mota, Fagge zangon fatake ne, inda ayarin raƙuma ke sauka a bayan ganuwa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Sabon Gari kuma ya kafu jim kaɗan bayan haka. Yau a wannan ɗan tsukin ne aka tara Kantin Kwari, da Singa, da kasuwar Sabon Gari, da 'Yan Kura, ga Ƙofar Wambai a maƙwabta. Masu sari daga Nijar da Chadi da Kamaru nan suke nufa. Baƙon da ya zo ganin marinar Ƙofar Mata ko kasuwar Kurmi ko hawan Sallah, da wuya ya koma bai ratsa nan ba. Lungunan Fagge kuwa don ƙafa da jaki aka yi su. Mota ɗaya ta shiga, wata ta fito, sun yi gaba da gaba, shi ke nan an toshe unguwa guda: ɗan makaranta ya manne da bango, mai naƙuda na jiran adaidaita da ba ta da hanyar shigowa. An gudu ba a tsira ba, kuma an ja wa wasu.

Za a ce laifin gwamnati ne. To, idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. An kafa KAROTA a 2012. An hana acaɓa ɗaukar fasinja a Janairun 2013, adaidaita sahu ta maye gurbinsa, ga shi ta fi babur cin titi. An gina doguwar gadar sama a titin Murtala Muhammad. Gadar ta taimaki mai wucewa, amma ƙarƙashinta fa? Gada ba ta sauke tirelar shinkafa a Singa da rana tsaka, ba ta hana mai shago yin fakin a bakin titi daga safe har magariba, ba ta hana ɗan sahu tsayawa a tsakiyar hanya don fasinja ɗaya. Titi mai layi uku, fakin ya ci ɗaya, 'yan tebur da masu baro sun ci ɗaya, dubban ababen hawa na kokawa a kan ɗaya. Ko Amurka ta gwada faɗaɗa titi: a birnin Houston an buɗe babbar hanyar Katy har ta zama cikin mafi faɗi a duniya a 2008, ba a yi shekaru da yawa ba cunkoso ya dawo. Sabon titi sabbin motoci yake kira.

To mene ne mafita ga mai tuƙi? Abu uku ne, kuma babu lungu a ciki.

Na farko, lokaci. Wanda ya shiga da sassafe, kafin kasuwa ta cika, ya gama ya fita kafin azahar, ya huta. Daga la'asar zuwa isha kuwa, lokacin tashin kasuwa, shiga neman rigima ne. Ranar Juma'a a kauce wa kewayen masallacin Juma'a na Fagge tun daga tsakar rana har a sallame. Goman ƙarshe na azumi, lokacin sayayyar kayan Sallah, Kwari ba wurin zuwa da mota ba ne sam.

Na biyu, wanda ba kasuwa zai je ba, me ya kai shi bakinta? Mai wucewa ya hau gada. Wanda ya fito daga hanyar Zariya zai nufi hanyar Maiduguri ko Haɗeja, ga baifas nan. Kewaye ya fi tsawo a ido, amma ya fi sauƙi a agogo da tankin mai. Hanyar lafiya, a bi ta da shekara.

Na uku, shi ne wanda girman kai ke hana mutane: ajiye motar. A nemi wurin fakin na kuɗi nesa kaɗan da kasuwa, a ƙarasa da ƙafa, ɗan dako ya fito da kaya. A tsohon birnin Fas na Maroko mota ba ta shiga, da ƙafa da jaki da amalanke ake ciniki, kuma baƙi daga ko'ina cikin duniya ba su fasa zuwa ba. Tafiyar minti goma ba ta rage wa Alhaji daraja.

Hukuma ma muna da magana da ita. A ware wa manyan motoci lokacin lodi da sauke kaya, dare ko asuba. A samar da filin fakin na gaskiya kafin a ci mutum tarar fakin. An mayar da masu sarin magani daga Sabon Gari zuwa Dangwauro a 2024, ashe rage wa tsakiyar gari nauyi abu ne mai yiwuwa. Jami'in hanya kuma aikinsa ya sa titi ya tafi, ba ya laɓe yana jiran mai laifi ba.

Kada a ɗauki wannan zancen ɓata lokaci ne kawai. A Maris na 2016 gobara ta cinye dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari. Mu tambayi kanmu: idan wuta ta tashi da ƙarfe biyar na yamma, ta ina motar kwana-kwana za ta bi? Wanda aka ɗauko rai a hannun Allah za a kai shi Asibitin Murtala, wa zai buɗe masa hanya, bayan babban titi ya tsaya, lungun ma masu wayo sun cika shi? Motar da aka jingine a bakin titi "minti biyu kawai" tana iya zama sanadin ran wani.

Saboda haka a daina yi wa gwanin lungu tafi. Idan direba ya juya zai bi wanwe, fasinja ya ce masa a'a. Idan baƙo ya tambaye mu hanya, mu faɗa masa lokacin da zai shiga da inda zai ajiye mota, kada mu nuna masa ƙofar gidan mutane.

Allah ya kiyaye mana hanya, ya sa mu gama lafiya.