Bakin bindiga ba bututun famfo ba ne

A ƙasar Amurka akwai masu bindigogi da ke yanka haƙoran murɗi a bakin bindiga da hannunsu, cikin gida, domin ɗaura mata na'urar rage ƙara, wadda dokar ƙasar ta wajabta yi wa rajista tun 1934. Bidiyon wannan aiki yana yawo cikin wayoyin salula, kuma mai kallo zai ɗauka bai fi gyaran famfo wuya ba. Wannan zato yana iya cin rai.

Harsashin Kalashnikof yana fita da gudun da ya wuce mita 700 a daƙiƙa ɗaya. Idan haƙoran da aka yanka ba su daidaita da tsakiyar ramin bindigar ba, na'urar za ta zauna a karkace, harsashi ya bugi cikinta, ƙarfe ya tarwatse kusa da fuskar mai harbi. Ko da an tsira daga wannan, leɓen bakin da ya sami rauni yana sa iskar albarushi ta fita gefe guda, ta ture harsashi daga hanyarsa. Kaucewar digiri 1 kaɗai tana zama kusan mita 1,75 a tazarar mita 100. Wanda ya auna ɓarawon shanu sai ya sami maƙwabcinsa. Shi ya sa ƙwararru ba sa yin aikin sai da injin sassaƙa ƙarfe da ma'auni mai ganin abin da ido ba ya gani.

Maganar ta shafi Nijar. Tun da ƴan bindiga suka addabi ƙauyukan Madarunfa da Gidan Rumji da satar dabbobi da garkuwa da mutane, talaka yana neman abin kare kansa, kuma maƙera ce ta fi kusa da shi. Maƙeran ƙasar Hausa sun gaji ƙera bindigar toka daga kakanni, babu mai raina gwanintarsu. Amma ƙarfin harsashin zamani ya ninka na albarushin gargajiya, kuma guduma da zarto ba su isa su auna shi ba.

Hukuma ba za ta ce kayan aiki ta rasa ba. Tun 1994 aka kafa hukumar tattara haramtattun makamai ta CNCCAI, kuma a ranar 25 ga Satumba 2000 an ƙone makamai a Agadas don tabbatar da sulhu. Yarjejeniyar CEDEAO ta 2006 ta tanadi ƙidaya masu ƙera makamai na gida da yi musu rajista. Ficewar Nijar daga ƙungiyar a 2025 ba ta rage hikimar wannan tanadi ba.

Kame da ɗauri kaɗai ba sa kashe sana'a, sai dai su mayar da ita ɓoye, inda babu mai duba ingancin aiki. Ya kamata gwamnoni da sarakunan gargajiya su zauna da sarakunan maƙera, a san wa ke taɓa bindiga, a iyakance abin da aka yarda ya yi. Ƴan kasuwar da ke haɗa kuɗi domin tsaron garuruwansu su ma su tambayi inda kuɗin ke shiga.

Sai dai tushen matsalar yana wuyan mahukunta. Muddin manomi bai ga jandarma ba ranar da ya yi kuka, zai ci gaba da riƙe makamin da ke iya kashe shi kafin ya kashe ɓarawo.