WASAN GEM: INA IYAYE SUKE?

Ya 'yan'uwa Musulmi, a Sifawa ne Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna yana karantarwa har zuwa 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuma yana Bodinga. Yau ga jikokin almajiransu sun duƙufa kan wayar hannu da akwatin PlayStation, suna buga ƙwallo da yatsu, ladan yana kiran Magariba ba mai motsawa.

Masu kare abin suna cewa ai wasa ne, Nana A'isha ma, Allah Ya ƙara mata yarda, ta yi wasa da 'yar tsana. Gaskiya ne, kuma ba mu haramta wa yaro wasa ba. To amma wane irin wasa ne ake shiga shago a yi sharaɗin wanda aka ci shi zai biya? Wannan caca ce, ko da an sauya mata suna. Kuɗin kuwa daga canjin cefane da kuɗin laraba suke fitowa.

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya jarabar gem cikin jerin cututtuka. A 2021 ƙasar Sin ta ƙayyade wa yara awa uku a mako na gem ɗin intanet. Gwamnatin da ba ruwanta da lokacin salla ta tsare lokacin 'ya'yanta, mu muna barci!

Wajibi ne kowane uba ya san inda ɗansa yake tsakanin La'asar da Isha'i, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya shirya mana zuri'a, amin.