SHARHI: Kayan aro ba ya rufe katara: Yadda tauraron jitar Dean ya dusashe

A watan Maris na 2025, masu taya alƙali yanke hukunci a wata kotun tarayya da ke jihar Texas ta Amurka suka sake samun kamfanin Armadillo, mamallakin jitar Dean, da laifin kwaikwayon siffar wasu jitocin kamfanin Gibson. Diyyar da suka yanke dala ɗaya ce tak. Kuɗin bai taka kara ya karya ba, amma hukuncin ya taɓa abin da Dean ya kusa shekara 50 yana cin abinci da shi, wato ƙirar jikin jitarsa.

Dean suna ne da ya yi tashe a duniyar hebi metal, wani reshe na kiɗan rok da aka sani da rugugin sauti da saurin yatsu a kan jita mai aiki da lantarki. Masu wannan kiɗa suna son jita mai tsini da fukafukai, irin wadda za a gane daga ƙarshen filin wasa, kuma Dean ya ƙware a nan. Sai dai daga 2021 zuwa yau labarinsa ya fi fitowa daga zauren kotu fiye da dandalin kiɗa. Tarihin kamfanin ya nuna dalili: ya kafa kasuwarsa a kan abubuwa biyu da ba su gama zama nasa ba, wato sunan wani mutum da ya mutu da kuma siffofin da wani kamfani ke riƙe da rajistarsu.

Talla ce ta gina shi

Dean Zelinsky yana matashi ɗan kimanin shekara 20 ya kafa kamfanin a yankin Shikago. Jitocinsa na farko, waɗanda suka fito a 1977, sun haɗa da V da Z, masu kama da Flying V da Explorer da Gibson ya fitar tun 1958. Ta uku ita ce ML, wadda ya haɗa siffofin biyu ya samar da sabuwa, ya raɗa mata haruffan farko na sunan wani abokinsa na ƙuruciya da cutar daji ta kashe.

Zelinsky ya gane da wuri cewa samari ne masu sayen kayansa. Don haka ya cika mujallun jita da hotunan mata sanye da kayan ninƙaya suna riƙe da jitocinsa. Tallar ta jawo ƙorafi, ta kuma jawo ciniki. Bayan ya sayar da kamfanin, sunan Dean ya kusa ɓacewa daga shagunan Amurka, har sai da Elliott Rubinson, ɗan kasuwar kayan kiɗa a jihar Florida, ya saye shi a 1997 ƙarƙashin Armadillo. Rubinson ya farfaɗo da shi ta hanyar da aka saba a wannan sana'a: a ɗauko fitaccen makaɗi, a ƙera jita da sunansa, a sayar da mai tsada ga masu hali, a yi mai araha a masana'antun Asiya domin yara masu koyo.

Mutum ɗaya ya zama jari

Babu wanda ya yi wa Dean amfani kamar Darrell Abbott, wanda aka fi sani da Dimebag, makaɗin jitar ƙungiyar Pantera. Yana yaro ya ci jitar ML a wata gasa a Texas, kuma da irinta duniya ta san shi. A 1994, shekarar da kundin Pantera mai suna Far Beyond Driven ya hau matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard, Dean ba shi da ƙarfin riƙe shi, sai ya koma kamfanin Washburn. Ya dawo Dean a ƙarshen 2004, ya zana sabuwar siffa mai suna Razorback. Ranar 8 ga Disamba na wannan shekara wani ɗan bindiga ya harbe shi a kan dandali a birnin Columbus na jihar Ohio, tare da wasu mutum uku. Yana da shekara 38.

Razorback ta shiga kasuwa a 2005, lokacin da masoyansa ke cikin alhini. Daga nan Dean ya yi ta fitar da jitoci masu sunan Dimebag, launi-launi, farashi-farashi, shekara bayan shekara. Cinikin ya yi kyau, amma yana da aibi biyu. Na farko, mamaci ba ya sakin sabuwar waƙa, ba ya zagayen wasa, saboda haka masu saye suna tsufa tare da tunaninsa. Na biyu, sunan yana hannun masu kula da dukiyarsa, kamfani kuwa haya yake yi.

A watan Agusta na 2021 hayar ta zama rigima. Rita Haney, wadda suka daɗe tare da marigayin kuma take kula da amanar dukiyarsa, ta sanar da raba gari da Dean bayan shekara 17, ta kuma shigar da ƙara. Ta zargi kamfanin da saɓa yarjejeniya, da ƙin biyan wasu haƙƙoƙi, da yi wa siffofin da Dimebag ya zana rajista da sunansa. Kamfanin ya musanta zargin. Ko ma wa ke da gaskiya, ɓarnar ta riga ta auku a idon masoya, domin mutanen da suka sayi Dean don ƙaunar Dimebag sun ji na kusa da shi yana cewa an ci amanarsa. Da Pantera ta koma zagayen wasa a ƙarshen 2022, Zakk Wylde ne ya tsaya a gurbin marigayin, shi kuwa yana da nasa kamfanin jita, Wylde Audio.

Watanni kaɗan kafin ƙarar Haney, wani ginshiƙin ya riga ya faɗi. Dave Mustaine na ƙungiyar Megadeth, wanda yake tare da Dean tun 2007, ya koma Gibson, aka sanar a Fabrairun 2021. Dean ya samu Kerry King na Slayer a 2019, amma a shekarar ce Slayer ta kammala zagayen bankwana. A cikin gida ma ba a zauna lafiya ba. Elliott Rubinson ya rasu a 2017, ɗansa Evan ya gaje shi, sannan ya bar kujerar a 2022 cikin saɓanin iyali da ya kai gaban alƙali.

Shari'ar siffa

Gibson kansa daga rami ya fito. A watan Mayun 2018 ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi, ya fito da sababbin masu jari ƙarƙashin jagorancin kamfanin KKR. Sabon shugabancin ya ɗauki tsofaffin siffofin Gibson a matsayin babbar kadara, kuma a Mayun 2019 ya maka Armadillo a kotu. A lokacin ne ya saki wani bidiyo yana gargaɗin masu kwaikwayo, jama'a suka yi masa ca, ya janye shi.

Hujjar Dean tana da nauyi. Ya ce tun 1977 yake sayar da V da Z a bainar jama'a, Gibson na kallo har shekara 40, kuma kamfanoni da dama sun yi irin waɗannan siffofi har sun zama na kowa. A Mayun 2022 masu taya alƙali suka ba Gibson gaskiya, amma suka yanke diyyar dala 4,000 kacal, alhali miliyoyi ya nema. Abin da ya fi ciwo shi ne umarnin da ya biyo baya na hana sayar da jitocin da abin ya shafa. A Yulin 2024 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin, ta ce an yi kuskuren hana gabatar da shaidun yadda wasu kamfanoni suka yi amfani da siffofin kafin 1992. Aka sake shari'a, aka kai ga hukuncin Maris na 2025, wanda ya tabbatar wa Gibson Flying V da Explorer da SG, ya kuma ce siffar ES ta zama ta kowa.

Shekara shida na shari'a kuɗi ne da lokaci. Dillali kuma ba ya son cika shagonsa da kayan da kotu za ta iya hana shi sayarwa gobe.

Kasuwa ta sauya hannu

Duk wannan ya faru ne a lokacin da mai sayen jita ya canza. A 2017 jaridar Washington Post ta ruwaito cewa cinikin jitar lantarki ya sauka daga kusan miliyan 1.5 a shekara zuwa ɗan sama da miliyan 1 cikin shekara goma. A shekarar ce alƙaluman Nielsen suka nuna hip-hop da R&B sun ture rok daga matsayin kiɗan da aka fi saurare a Amurka. Manyan shaguna ma sun girgiza: Guitar Center ya nemi kariyar kotu daga masu bashi a 2020, Sam Ash ya rufe shagunansa a 2024.

Fender, babban abokin hamayyar Gibson, ya tunkari lamarin da bincike. Ya gano cewa kusan rabin sababbin masu koyo mata ne, kuma tara cikin goma suna ajiye jita kafin shekara ta zagayo. Ya buɗe manhajar koyarwa ta Fender Play a 2017, kuma da kullen korona ya zo a 2020 ya yi cinikin da bai taɓa yi ba. Kamfanin da ya gina sunansa da hotunan mata a matsayin ado ya wayi gari matan su ne rabin kasuwa.

Shi kansa kiɗan metal bai mutu ba. A 2022 shirin Stranger Things ya sa waƙar Metallica ta 1986, Master of Puppets, ta shiga jadawalin Hot 100 a karon farko, kuma kamfanin B.C. Rich, wanda jitarsa ta fito a shirin, ya yi maza ya ƙera irinta ya kai kasuwa. Abin da ya canza shi ne yadda matasa ke kiɗan. Da yawansu a ɗaki suke zaune gaban kwamfuta suna naɗar sauti, suna son jita mara nauyi mai tsirkiya bakwai ko takwas. Jita mai siffar V an yi ta ne don tsayuwa a dandali, a cinya zamewa take yi. Ibanez na Japan da Strandberg na Suwidin sun amsa wannan buƙata. Tosin Abasi, ɗan Amurka wanda iyayensa 'yan Najeriya ne kuma jagoran ƙungiyar Animals as Leaders, ya bar zama jakadan wani ya kafa Abasi Concepts. Ola Englund na Suwidin ya tara mabiya a YouTube, ya buɗe Solar Guitars a 2017 yana sayar musu kai tsaye.

Wannan sauyi ya kai har tushen dabarar Dean. A da, makaɗi yana buƙatar kamfani domin masana'anta da dillalai da shafin mujalla. Yanzu masana'antun Koriya ta Kudu da Indonesiya da Sin suna ƙera wa duk wanda ya kawo oda, intanet kuma ta maye gurbin mujalla. Makaɗin da ke da mabiya zai iya riƙe ribarsa, don haka jakada ya yi tsada kuma ba ya daɗewa.

Abin da ya rage a hannu

Dean na nan yana ƙera jita a Tampa, yana da masu ƙaunarsa, kuma ML ƙirarsa ce tun asali. Tana hannunsa tun 1977, amma shekaru da yawa ana tallata ta a matsayin jitar Dimebag fiye da jitar Dean. Aikin da ke gaban kamfanin shi ne ya sa matashin da aka haifa bayan 2004 ya so ta don kanta, ta hanyar inganci da farashi da makaɗa masu rai da ke fitar da sabon aiki. Hausawa na cewa wanda ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma kasuwar da ta dogara da tuna baya tana raguwa ne gwargwadon raguwar masu tunawa.

Akwai kuma tambayar da ta wuce Dean. Idan kamfani ɗaya zai iya mallakar siffar kayan kiɗa har abada ta hanyar rajistar alamar kasuwanci, ƙananan masu ƙira ne za su fi jin jiki, domin ba su da kuɗin lauya na shekara shida. Hukuncin 2025 ya raba gardamar biyu, ya bar wa Gibson siffofi uku, ya saki ɗaya ga kowa. Masu ƙera jita daga Amurka har Asiya za su auna sababbin zane-zanensu da wannan layi kafin su yanka katako.