Littattafan Falaki da Imanin Mai Karatu



Tun daga shekarar 1988, lokacin da Stephen Hawking, shehin malamin nan na ƙasar Ingila, ya wallafa littafinsa a kan tarihin lokaci da mafarin duniya, wanda ya sauƙaƙa shi domin gama-garin mutane, irin waɗannan littattafai suka yawaita a hannun ɗalibai, har ya zamana mai imani yakan buɗe su zuciyarsa tana ɗar-ɗar, don gudun kada abin da ke ciki ya girgiza masa aƙida.

To, bari mu dubi abin da suke ɗauke da shi. A 1927 Georges Lemaître, wani limamin Katolika ɗan ƙasar Beljiyam, ya nuna ta hanyar hisabi cewa sararin samaniya faɗaɗa yake yi. A 1929 kuma Edwin Hubble, da na'urarsa ta hangen nesa a Kalifoniya, ya tabbatar da cewa garken taurari masu nisa ƙara nisanta suke yi da mu. Abin da ke faɗaɗa kuwa, in aka bi sawunsa da baya, tilas a tarar da shi a dunƙule. Sa'an nan a 1965 wasu masana biyu a Amurka, Penzias da Wilson, suka bayyana wata 'yar ƙara da ta ƙi barin na'urarsu, wadda har sai da suka kori tattabarun da suka yi sheƙa a ciki, suka share kashinsu, amma ƙarar tana nan daram. Ashe ragowar zafin farkon al'amarin ne suke ji. Da irin waɗannan hujjoji aka ƙiyasta shekarun sararin samaniya kimanin biliyan 13.8.

Wannan duka awo ne da hisabi, kuma babu abin tsoro a cikinsa. Inda ya kamata mai karatu ya yi hattara shi ne wurin da marubuci ya ajiye ma'auninsa ya shiga faɗin ra'ayinsa, kamar yadda Hawking ya yi a 2010, sa'ad da ya ce asalin duniya ba ya bukatar Mahalicci. Domin wannan magana ce ta falsafa, kuma babu na'urar da ta taɓa auna ta.

Haka nan, bai dace mai imani ya rataya aƙidarsa a jikin nazariyyar da gobe za a iya yi mata gyara ba. Da Paparoma Pius na 12 ya ɗauki wannan bincike a 1951 a matsayin shaidar halitta, Lemaître da kansa bai ji daɗi ba, ya nemi a bar kowane fanni da irin hujjarsa. Tun kafin nan da ƙarnoni, Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi gargaɗin cewa wanda ya ƙaryata hisabin husufi da sunan kare addini ya cuci addinin, saboda masanin da ya ga lissafinsa ya fita daidai, addinin zai yi wa shakka.

Saboda haka, jama'a, mu karanta da natsuwa, mu rarrabe hujja da zato. In dare ya yi tsaka, mutum ya fita tsakar gida ya ɗaga kai ya dubi taurarin nan da ake kira kaza da 'ya'yanta, ya tuna cewa hasken da ke shiga idonsa ya baro su fiye da shekara 400 da suka wuce. Wanda ya san haka, tasbihinsa ya fi na jiya nauyi.