Bonsai: Kafin Mu Sayi Itacen Hoto, Mu Dubi Tsakar Gidanmu



Duk wanda ke yawo a intanet ya taɓa cin karo da hoton ɗan ƙaramin itace a cikin kasko, tsawonsa bai wuce kamu biyu ba, amma kamanninsa na tsohuwar bishiya ne. Shi ake kira bonsai. Kalmar ta Japananci ce, ma'anarta shuka a cikin faranti, kuma Japanawa daga Sin suka samo sana'ar. Bonsai ba wani irin itace ba ne na daban. Itace ne kamar kowane, sai dai ana aske masa rassa da saiwa, ana lanƙwasa shi da waya, shekara da shekaru, har ya tsufa bai yi girma ba.

Tunda haka ne, bukatarsa ba ta canza ba don an sa shi a kasko. Mu kanmu sai da muka yi asara muka gane. Bara muka sayi ɗan itacen junifa a wajen wani mai sayar da furanni a bakin titi, muka ɗora shi kan teburin karatu, muna ba shi ruwa safe da yamma. Wata biyu yana kore shar, sai ya fara zama ruwan ƙasa. Ashe ya daɗe da mutuwa, domin junifa yakan riƙe korensa makonni bayan saiwarsa ta tafi. Itacen waje ne, yana son rana da iska, ɗaki kabari ne a gare shi.

Ra'ayinmu shi ne, wurin da za a ajiye itacen ake fara dubawa, sannan a zaɓi iri. Yawancin waɗanda ke burge mu a hoto 'yan ƙasar sanyi ne. Mefil na Japan, mai jan ganyen nan, dole ne ya samu watanni na sanyi mai tsanani ya yi barci, kafin ya sake toho da ƙarfi. Hunturunmu bai kai wannan sanyin ba, ga shi busasshe. Sannan bazara ta zo, zafi ya haura 40 a ma'aunin Salshiyos a Sakkwato ko Maiduguri, ganyen ya ƙone kamar takarda. Akwai wani fayin da iyalin Yamaki suka rena tun 1625, ya tsira daga bam ɗin Hiroshima a 1945, aka kai shi Amurka kyauta a 1976, yana nan a Washinton har yau. Itacen da bam bai kashe ba, da wuya ya jure shekaru kaɗan a tsakar gidan Kano.

To me ya rage mana? Abin da muke wucewa kullum ba mu kallo. Kuka ita ce ta farko. Gindinta mai kauri ne tun tana ƙarama, tana ajiye ruwa a jikinta, rana ba ta dame ta ba. Masu wannan sana'a a Afirka ta Kudu sun daɗe suna alfahari da ita. Ƙwallonta yana da tauri, sai an jiƙa shi a ruwan zafi ko an ɗan kankare ɓawon kafin ya tsiro. Abin kiyayewa ɗaya ne: idan ta zubar da ganye da rani, ba mutuwa ta yi ba, hutawa take. A nan tausayi ke kashe ta, domin wanda ya ci gaba da kwarara mata ruwa zai ruɓar da saiwar. A kuma nisanta ta da akuya, da mai neman ganyen miya.

Tsamiya ma ta dace ƙwarai, don ganyenta ƙanana ne tun asali, yana rufewa da dare ya buɗe da safe, sai dai tana da jinkirin girma. Kariya, mai kumburarren gindi da jan fure, tana son rana tsagwaronta da ruwa kaɗan, amma ruwan jikinta guba ne, bai kamata a ajiye ta inda yara ke wasa ba.

Wani zai ce shi ɗakin haya yake, ba shi da tsakar gida. Gaskiya ne, da yawanmu haka muke. A nan dangin ɓaure suka fi, musamman ceɗiya, wadda ganyenta bai kai na durumi ko gamji faɗi ba, kuma reshe kawai ake yanka a dasa ya kama. Ita tana haƙuri da ƙarancin haske. Amma haƙurin yana da iyaka. Ɗakunanmu masu ƙaramar taga da labule mai kauri duhu ne a wajen shuka, ko da mu muna iya karatu a ciki. Dole ta zauna a bakin taga, a riƙa juya kaskon, a fitar da ita waje lokaci zuwa lokaci, a kuma kawar da ita daga saitin na'urar sanyaya ɗaki.

Ko na wajen ma, kasko ba gona ba ne. Ƙasar cikinsa 'yar kaɗan ce, iskar hunturu tana busar da ita cikin yini guda, simintin tsakar gida kuma yana dafa saiwa da tsakar rana. Gara a samu gefen da hantsi ke bugawa, inuwa ta rufe shi bayan azahar, a ɗora kaskon kan katako, a tabbatar yana da huji a ƙasa, a gauraya ƙasar da tsakuwa da yashi don ruwa ya wuce. Mutanen Jos suna da ɗan sassauci saboda sanyin garinsu, amma mu na ƙasa-ƙasa, tukunyar kasuwa da ƙwallon kuka uku sun ishe mu farawa. Namu mun shuka su farkon daminar bana, biyu sun fito.