Laɓewa Ba Ragwanci Ba Ne

Jama'a, ban yarda da masu kiran wanda ya laɓe cikin PUBG matsoraci ba. Har an ƙi wasa da wani a ɗakin kwananmu saboda haka, mu da za mu riƙe aji gobe a Gombe!

Tun da wasan ya shigo waya a 2018, mutum 100 a ke zubawa, ɗaya ke saura. To, ina amfanin kashe tara, na goma ya harbe ka? Bindiga na tona asirin mai ita, sawu ma ana ji. Mai laɓewa kuwa ba barci ya ke yi ba, gama da'ira tana matsewa, tilas ya auna lokacin tashi. Maharbin da ya kwanta wa gada cikin ciyawa, wa ya taɓa ce masa rago?