FOTI BA ƘARFE BA NE: KU DAINA BINNE TSOFAFFIN MOTOCI DA RANSU

Yau mun ɗan ajiye maganar waya, domin akwai abin da ya tsaya min a rai.

Kawuna yana da Peugeot 504 da ya gada a wajen mahaifinsa, irin waɗanda aka haɗa a kamfanin PAN na Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975. Tsatsa ta cinye mata gefen baya, saman taya, har cikin but. Bara ya kai ta wani gareji a nan Gyadi-Gyadi, kwana biyar aka fito da ita tana ƙyalli kamar amarya. Damina ɗaya ta wuce, fenti ya fara kumbura. Da na sa sukudireba na ɗan taɓa wajen, wallahi ɓantare ya faɗo mai kaurin yatsa, a bayansa kuma rami ne da aka toshe da kwali.

Wannan ba gyara ba ne, gyaran gangar Auzinawa ne. Mu ma a Farm Centre mun san irinsa: batir ya kumbura ya ɗaga murfin waya, sai wani ya danne shi da sufa gulu ya ce an gama. Ciwon yana nan a ciki.

An yi foti ne don shafe 'yar lotsawa bayan an buga ƙarfe ya miƙe, kaurinsa kada ya wuce milimita 3 ko makamancin haka. Yana shan danshi, kuma tsatsar da aka rufe ba ta mutuwa, ci gaba take yi ta ƙasa. Sannan ku sani, gefen baya ba kamar na gaba ba ne da ake kwancewa da noti. Walda aka yi masa da gangar jikin motar, yana cikin abin da ke riƙe ta. Ranar da aka doke ka ta baya, foti ba zai tare komai ba. Ga hayaƙin salansa da ke shiga ta ramin but, yara na zaune a baya suna shaƙa.

A Amurka, masu farfaɗo da irin su Ford Mustang ta 1965 ko Dodge Charger ta 1969 yanke ruɓaɓɓen gefen suke yi su sa sabo, har kamfanoni gare su masu buga sababbin sassan jiki na waɗannan motoci. Mu ba mu da wannan gatan, amma muna da Kofar Ruwa, inda za a yanko maka gefe mai lafiya daga wata motar da aka kashe. Kuma muna da fanel bita masu hannu da za su lanƙwasa faranti ya zauna daidai.

Aikin gaskiya shi ne: a sauke tankin mai a cire kan batir, a gurje fenti har sai farin ƙarfe ya fito, a yanke duk inda ya ruɓe, a gwada sabon da ƙofa da murfin but kafin a kama shi. Walda kuma ɗigo-ɗigo ake yi, ana tsallakawa ana bari ya huce, don zafi da yawa yana murɗe siririn ƙarfe. A shafa maganin tsatsa ciki da waje. Sai a ƙarshe foti ya zo, ɗan kaɗan.

Na san za a ce, "Malam, ai kuɗi ne babu." Gaskiya ne, kuma laifin ba na masu gareji ba ne su kaɗai. Mu ne muke zuwa mu ce a yi mana mai sauƙi, kuma muna so kafin Juma'a. To araha ba ta ado. Kawu ya biya sau biyu, kuma ramin da aka tarar karo na biyu ya ninka na farko. In ba ka da hali yanzu, gara ka kankare tsatsar ka shafa jan fenti, ka yi yawo da ita a haka har Allah Ya hore. Amma mai garejin da ya karɓi kuɗin walda ya cusa kwali, wannan ha'inci ne, ba shi da wani suna.

Wayarka za ta taimake ka:

1. Ka ce sai ka ɗauki hoton wajen bayan an gurje, da bayan walda, kafin a shafa komai. Wanda ya ƙi, ɗauke motarka.
2. Da daddare ka kunna tocilan ɗin waya, ka haska jikin motar ta gefe. Inda aka cika foti za ka ga yana tudu da kwari.
3. Ka naɗe ƙaramin maganaɗisu a ƙyalle ka bi jikin da shi. Inda ya ƙi kamawa, babu ƙarfe a kusa.
4. Ka ɗaga shimfiɗar but ka zura kyamara ta ciki. Ƙarya ba ta cika kai wa can ba.

An daina haɗa 504, kullum raguwa suke. Duk wadda aka binne da foti, sai dai a kai ta a sayar a kilo. Mai shirin kai tasa gareji, ka tura masa wannan kafin ya biya.